“A Kai Shi Dawanau”: Yadda Siyasa da Waya Suka Mai da Asibitin Ƙwaƙwalwa Abin Gori

A watan Fabrairun 2024 wata kotun shari'ar Musulunci a Kano ta ba da umarnin likitoci su duba lafiyar ƙwaƙwalwar Murja Ibrahim Kunya, bayan Hisba ta gurfanar da ita kan bidiyoyin da take sakawa a TikTok. Ba a jima ba rigimar ta bar kan Murja ta haura sama. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soki yadda 'yan Hisba ke gudanar da kame, Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye muƙaminsa na shugaban Hisba a farkon Maris, malamai suka shiga tsakani, bayan 'yan kwanaki ya koma ofis. Kowa ya ja tunga. 'Yan jar hula na kare gwamna, 'yan adawa sun samu abin yi, masu wa'azi na wa'azi, masu barkwanci na barkwanci. A cikin wannan ƙura umarnin kotun ya wuce ba wanda ya tsaya a kansa, alhali a ganina shi ne ya fi cancantar a zauna a yi masa duban tsanaki.

Umarnin kansa ba laifi ba ne. Alƙali yana da hurumin neman sanin ko wanda ke gabansa yana cikin hayyacinsa, kuma asalin wannan hurumi jinƙai ne. Hadisi sananne ya ce an ɗauke alƙalami a kan mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Kundin Pinal Kod da Arewa ke aiki da shi tun 1960 ma haka ya tanada a sashe na 51, cewa abin da mutum ya aikata alhali ciwon ƙwaƙwalwa ya hana shi sanin me yake yi ba laifi ba ne. Ke nan a wurin shari'a, ta Musulunci da ta boko, duba ƙwaƙwalwa kariya ce ga wanda ake tuhuma.

Jama'a ba haka suka karanta ba. Duk wanda ya leƙa sharhin mutane a Facebook a kwanakin ya ga murna irin ta wanda aka rama masa. “Dama mun faɗa.” “Can ne ya dace da ita.” Ba addu'ar samun lafiya ake yi ba, gani ake an yanke mata hukuncin da ya fi gidan yari zafi. Wanda ya fito daga gidan yarin Kurmawa yana iya zama gwarzo a unguwarsu, musamman in siyasa ce ta kai shi. Wanda aka ce ya je Dawanau kuwa, inda asibitin ƙwaƙwalwa na Kano yake, in ba hatsi ya je saye a kasuwa ba, sunan ya bi shi ke nan. Mun mai da asibiti bulala, kuma waɗanda bulalar ta fi sauka a kansu ba 'yan TikTok ba ne, marasa lafiyar da ke zaune shiru a gidajenmu ne, suna jin abin da muke faɗa.

'Yan siyasa ne suka fi kowa iya amfani da wannan. Wanda ya saba sauraron shirye-shiryen siyasa na dare a gidajen rediyon Kano ya san sojojin baka. Ubangida ya biya kuɗin 'yan mintoci, sojansa ya karɓi makirufo, ya yi gaisuwa, ya yi kirari, sannan ya juya kan abokin hamayya. In hujja ta ƙare, akwai jumlar da ba ta ƙarewa: a duba ƙwaƙwalwar wane. Yanzu aikin ya samu sabbin ma'aikata, 'yan data, matasan da ake tura wa kuɗin kati su kwana suna kare maigida a X da Facebook. Sojan baka yana da fuska da suna, gobe za ka gamu da shi a ɗaurin aure, don haka akwai inda yake tsayawa. Ɗan data yana iya riƙe shafi uku da sunaye uku. Duk lokacin zaɓe kuma sai wani ya fito da shawarar a gwada ƙwaƙwalwar 'yan takara, a yi ta tafi, kamar dai satar kuɗin jama'a alamar ciwo ce. Ɓarawon gwamnati lafiyarsa lau. Yana lissafi, yana ɓoye sawu, yana ɗaukar lauya. Haɗa shi da mara lafiya zalunci ne ga mara lafiyan, wanda yawancin lokaci shi ake cuta.

Ga inda abin ke sauka. Ɗauki mai jego, haihuwar fari. An yi suna an watse, ana ta wankan jego safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa. Kwanaki na tafiya ba ta barci, ko da jaririn ya yi barci. Abinci sai an matsa mata. In an miƙo mata yaron ta karɓa, ta ba shi nono tana kallon bango, ta mayar. Mahaifiyarta ta ce kunyar ɗan fari ce, har ma ta ji daɗi 'yarta na da ta ido. Kakarta ta ce iska ce, ai an gan ta a tsakar gida da magariba ba ɗankwali. Maigidan ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofa: “Me na rage ki da shi? Ragon suna biyu na yanka.” Ita kanta ba ta san me za ta ce ba, sai hawaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi tsananin damuwa. Ciwo ne da ake magancewa, sau da yawa ba tare da an kwantar da mace ba. To amma wa zai fara furta sunan asibitin a gidan? Tana da ƙanne mata ba su yi aure ba, kuma kowa ya san tambayar da masu binciken aure ke yi a unguwa cikin raɗa: gidan nan babu taɓin hankali? Uwar da ta ji yadda gari ya yi shewa da aka ce a duba ƙwaƙwalwar wata, ba za ta kai tata 'yar ba sai abin ya kai ga ɗauri.

Waya ba ita ta ƙirƙiro wannan gori ba, ta dai same shi ta ba shi kasuwa. Manhajar TikTok ko Facebook ba ta san kunya ba, ba ta san mutunci ba. Abin da take aunawa kaɗan ne: daƙiƙa nawa ka tsaya a kan bidiyo, ka sake kallo ko ka wuce, ka yi sharhi, ka tura wa wani. Wanda ya rubuta “Allah ya shirya” da wanda ya rubuta “kin burge ni” duk ɗaya suke a wurinta, duka biyun sun tsaya. Mutum dubu da suka shiga don su tsine, su ne suka ɗaga bidiyon ya isa ga wasu dubu goma. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa akwai lokacin da kamfanin ke ba alamomin motsin rai, har da fuskar fushi, nauyi ninki biyar na laik. Daga 2024 kuma Meta, mai Facebook, ta buɗe wa masu shafuka a Najeriya hanyar samun kuɗi daga tallan da ke biyo bayan bidiyonsu. A ƙasar da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, matashi ya gano cewa abin da ke fusata mutane shi ke kawo dala. Sai ya yi abin da hankali ya ba shi. Mu kuma mu ce ba shi da hankali.

Wannan ya sa nake ganin kuskure ne a fassara rashin kunyar intanet da ciwo. Mafi yawansa sana'a ce, mummuna dai, amma mai lissafi. Bahaushe ya ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, kuma ai ba haukan asibiti yake nufi ba, borin da mai hankali ke yi da gangan yake nufi. In abin da aka yi laifi ne, a yi shari'arsa a matsayin laifi. In ciwo ne, a rufa asiri a yi magani. Cakuɗa su ne ke ɓata duka biyun.

Akwai kuma kasuwa ta biyu, wadda ta fi damuna, don ba wanda ke kai ta kotu. Ita ce ta ɗaukar marasa lafiyar kansu. Saurayi zai tsayar da mota a shataletale, ya nufi wani bawan Allah mai tsumma da ƙullin leda, abokinsa na biye da waya. A ba shi abinci, a yi masa aski, a sa masa sabuwar riga, a ɗora waƙa mai sa kuka, a rubuta lambar asusu a ƙasa. Ba wanda ya tambaye shi ko ya yarda, kuma ko an tambaya, ba ya cikin halin da yardarsa za ta zama yarda. Bayan mako yana nan a shataletalen, fuskarsa kuwa tana cikin wayoyin mutanen da ba zai taɓa sani ba, har da 'ya'yansa in yana da su. Haka bidiyoyin ruƙiyya. Yarinya budurwa na birgima a kan tabarma, mayafi ya zame, ana tambayar aljani sunansa da garinsu, kyamara na kan fuskarta, a ƙarshe a sa lambar waya da farashin turare. Ban zo musun ruƙiyya ba, karatun Alƙur'ani ga mara lafiya abu ne tabbatacce a addini. Amma wane malami ne ya halatta tallan sana'a da tsiraicin halin 'yar mutane? Ko ta warke, bidiyon yana nan, zai riga ta zuwa gidan duk wanda ya zo neman aurenta.

Kada kuma a ɗora wa waya abin da ba nata ba. Masu bincike a Turai da Amurka har yau suna jayayya kan girman illar kafofin sada zumunta ga ƙwaƙwalwar matasa, wasu na ganin babba ce, wasu na ganin an zuzuta. A wurinmu ma akwai abubuwan da suka fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Matar da aka kashe mijinta a gabanta a Zamfara, yaron da ya girma a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri, magidancin da ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ba TikTok ne ya hana su barci ba. An rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021, ba a ji an ce firgici ya bar mutane ba. Abin da wayar ke yi shi ne raba wa kowa kason tashin hankalin. Hoton gawa ya shigo zauren WhatsApp na dangi tsakanin sanarwar ɗaurin aure da addu'ar Juma'a, yaro ɗan shekara goma ya buɗe a wayar uwarsa.

Har waɗanda ake biya su tace irin waɗannan hotuna ba su tsira ba. A Nairobi akwai ma'aikatan da kamfanin Sama ya ɗauka su riƙa duba abin da ake sakawa a Facebook cikin harsunan Afirka, cikinsu har da 'yan Najeriya masu duba na Hausa. Aikinsu kallon yanka da fyaɗe da ƙone mutane, daga safe har yamma, don su cire kafin ya iso gare mu. A 2023 kusan su 185 suka kai ƙara kotun Kenya, kuma takardun da aka shigar a ƙarshen 2024 sun nuna likita ya samu fiye da 140 daga cikinsu da ciwon firgici irin wanda ke kama wanda ya ga bala'i da idonsa. In wanda aka horar, yana karɓar albashi, ya koma haka, me ake tsammani ga wanda ke kallon irinsu kyauta a kan katifarsa da tsakar dare?

Duk da haka, a cikin wayar nan ne wasu suka fara samun bakin magana. Shafukan da ake tura wa saƙo a asirce sun cika da wasiƙun da ke farawa da “Don Allah a ɓoye sunana.” Mace ta ce shekara biyu ba ta jin daɗin komai, tana jin gara ta mutu. Saurayi ya ce in ya shiga taro zuciyarsa na bugawa har yana jin zai faɗi. Abubuwan da ba a iya faɗa wa uwa ko miji, ana faɗa wa baƙi. Amsoshin ne abin takaici: ki yi haƙuri, ki gode wa Allah wasu ko abinci ba su da shi, sammu ne ga lambata. Jifa-jifa sai wani ma'aikacin lafiya ya ce wannan ciwo ne, yana da suna, je asibiti kaza. Likitocin da ke bayani da Hausa a Facebook da YouTube suna aikin da ma'aikatar lafiya ba ta yi ba, sai dai manhaja ba ta ɗaga muryar mai magana a natse.

Masu fasaha fa? Al'adarmu ba ta rasa wurin zolaya ba. 'Yan kama sun daɗe suna kwaikwayon malamai a kasuwa ana dariya, malaman ma na dariya. Tashe na azumi ya ba yara da manya damar taɓa mai rowa da gwauro da mai mulki, Nalako ya zaga gari da tuzuran da ya kama. Amma tashe yana da lokaci, daga goma ga wata zuwa 'yan kwanaki, kowa ya san wasa ne, gari na wayewa an wuce wurin. A 'yan shekarun nan 'yan sandan Kano sun sha dakatar da shi saboda 'yan daba na fakewa da shi, sai zolayar ta ƙaura zuwa waya, inda ba ta da wata ba ta da ƙarshe, kuma mai mulki ba ya ɗaukarta wasa. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowanne, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon barkwanci a kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001 bayan ƙaddamar da shari'a, ta yi shugabanni masu zafi da masu sanyi, daga zamanin Abubakar Rabo zuwa Afakallahu zuwa Abba El-Mustapha. Abin da ba ya canjawa shi ne inda idonta yake: sutura, rawa, haɗuwar jiki, da rajista. Ban ce waɗannan ba ruwan jama'a da su ba. Amma shekara da shekaru mahaukacin fim ɗin Hausa iri ɗaya ne: tsumma, gashi a cukurkuɗe, yana cin abinci a bola, yara na bin sa da jifa, mai kallo na ƙyaƙyata dariya. Ko kuma kishiya ta yi asiri, amarya ta fita tsirara, a ƙarshe malam ya karya sihiri ta warke a take. Ba kasafai za ka ga malamin makaranta mai shan maganinsa kullum, yana zuwa aiki, yana rigima da matarsa kan cefane kamar kowa ba, alhali irinsa sun fi yawa a cikin masu ciwon. Fim ne makarantar da mata da yawa a cikin gida ke koyon yadda duniya take. In duk abin da ya koya musu shi ne ciwon ƙwaƙwalwa ko bola ko boka, to ba mamaki mai jegon nan ba ta gane kanta a ciki ba.

Su 'yan fim ɗin ma ba a tambayar yadda suke. Tun da satar fasaha ta kashe kasuwar faifai, sana'ar ta koma YouTube da tashoshi irin Arewa24, kuma darajar jaruma ta koma yawan mabiyanta. Dole ta zauna a inda ake zaginta, don nan ne kasuwarta. Abin da ya samu Rahama Sadau a 2016, da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kore ta kan bidiyon waƙa, da guguwar da ta biyo bayan hotunanta a 2020, ya nuna girman taron da ke iya faɗa wa mutum ɗaya a dare ɗaya. Ra'ayinka kan abin da ta yi daban, tambayar ko akwai ɗan adam da zai ɗauki zagin dubban mutane ya kwana lafiya daban.

To a ce duk mun daina gori gobe, mai jego ta yarda, miji ya yarda. Ina za a kai ta? Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma ana ta rasa su zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa a Arewa ana ƙirga su da yatsu: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau, sai sassan da ke cikin asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Mutumin ƙauyen Jigawa ko Katsina sai ya yi kuɗin mota na mutum uku, don mara lafiyan ba ya tafiya shi kaɗai, ga kuɗin magani na kowane wata. A ɗaya gefen ga ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabata, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kwana ɗaya ko biyu bayan rahoton BBC ya tona yadda ake sayar da shi. Kowa kuma ya san a wane lokaci ƙwaya ta fi yawo a unguwa, da wanda ke sayen ta ga 'yan jagaliya ranar gangami. Zaɓe na wucewa, yaran su zama matsalar iyayensu.

Wannan giɓin ne gidajen mari suka cike. A Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sasari a ƙafa, jikinsu duk tabo. Wata mai zuwa aka samu irinsa a Daura. An yi Allah wadai, an rufe wasu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawancin waɗannan mutane iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biya. Ba don ƙiyayya ba. Uwa ce da ɗanta ke fasa kaya yana zare wa ƙannensa wuƙa, ta duba gabas da yamma ba ta ga gadon asibiti ba. In ka rufe gidan mari ba ka buɗe wani wuri ba, sasarin zai koma ɗakin baya na gidansu ne kawai.

Dokar da ta yi mulkin wannan fanni har kwanan nan ita ce ta mahaukata ta 1958, wadda tushenta dokar Turawan mulki ce ta 1916. Ba ta san majinyaci ba, ta san wanda za a tsare. An kai ƙudurin sauya ta majalisa a 2003, ya mutu, aka sake kai wa a 2013, ya sake kwanciya. Sai a Janairun 2023 aka sanar Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya, da asusu, da haƙƙoƙin majinyaci, har da sharuɗɗan kwantar da mutum ba da son ransa ba. Shekara ashirin ke nan daga ƙudurin farko. Kwatanta da Yunin 2021: Twitter ta goge saƙon shugaban ƙasa, cikin kwana biyu aka sanar da dakatar da ita, ta yi wata bakwai a rufe. Gwamnati na iya sauri in abin ya taɓa ta.

Ba sai an jira likitoci dubu ba kafin a fara. Tun a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne da ɗan uwansa, suna zuwa karɓar magani da rana, kuma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A zamaninmu Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu maganin gargajiya da na addini a Ibadan da Kumasi, sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna majinyatan sun fi samun sauƙi. A Arewa wannan na nufin mai ruƙiyya ya san alamomin da in ya gani zai ce a wuce asibiti, ma'aikaciyar awon ciki ta ƙara tambaya biyu bayan ta auna hawan jini: kina barci? kina jin daɗin rayuwa? Wanda ke ganin wannan baƙon ilimi ne ya tuna Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a 934, ya riga ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi, kamar rashi ko asara, da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko kwabo. Har yau sashe na 231 na Pinal Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko biyan tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba. Haramcin kisan kai a addini ba abin jayayya ba ne, kuma ba wanda ya nemi a taɓa shi. Magana ita ce me za a yi da wanda Allah ya kuɓutar. Yarinyar da ta sha fiya-fiya saboda auren dole, aka garzaya da ita asibiti, danginta na ƙarya ga likita cewa kuskure ne, don suna tsoron 'yan sanda. Likita ya wanke ciki ya sallame ta, ba wanda ya tambayi abin da ya kai ta, ta koma ɗakin da ta fito. Majalisar Ghana ta cire wannan daga jerin laifuka a 2023, babbar kotun Kenya ta soke nata a farkon 2025. A Najeriya kundin laifuka na jihohi ne, don haka ko Abuja ta gyara nata, na Kano yana hannun majalisar dokokin jiha, mai kujeru 40, kuma kowane ɗaya daga cikinsu na iya gabatar da ƙudurin a zama na gaba.